Mun Hau Dutsen, Mun Manta Da Masu Dutsen

Ina godiya ga hukumar wannan mujalla tamu da ta ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da farko ina so mai karatu ya sani cewa ba wani nake nuna wa yatsa ba. Laifin da zan yi magana a kansa ni na fara aikata shi, kuma da hannuna na rubuta shi a takarda.

Abin da ya faru shi ne, a wani hutun ƙarshen zango, mu wajen ashirin 'yan ajinmu muka haɗa kuɗi muka ɗauki shatar bas domin mu je hawan dutse. Ba mu yi wani nisa da Minna ba, tafiyar ba ta cika awa guda ba muka sauka a wani ƙauyen Gbagyi da ke gindin wani dogon dutse. Mai gari ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya haɗa mu da wani dattijo manomi da zai nuna mana hanya. Sai kuma wata mata, da alama surukar dattijon ce, ta tattara jarkar ruwanmu da kulolin abincinmu ta jera a wani babban masaki ta saɓa a kafaɗa, kamar yadda matan Gbagyi suka saba, domin su a wurinsu kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa kaya. Mu kuwa da takalman kambas da wayoyin ɗaukar hoto muka afka wa dutsen da gudu, muna tsere. Ba a yi rabin awa ba wasunmu suka zube a kan fa suna haki. Dattijon nan da silifas ɗinsa na roba ya iso mu yana tafiya a hankali, bai ko yi gumi ba.

Na ce, "Baba, da sauran nisa?"

Ya ce, "Yarana, ba a yi wa dutse gudu. Ku bi bayana, inda na taka ku taka."

Hausarsa tana da nauyi, harshensa na gado yana jan ta. Wani daga cikinmu ya kwaikwayi maganar, ya ce, "Kun ji gwaranci!" Aka tuntsire da dariya, har da ni. Dattijon ya ji, bai tanka ba.

Da muka kai sama sai muka tarar ashe ba dutse kawai muka hau ba, kufai muka hau. Ga ragowar ganuwa ta jerarrun duwatsu, ga ramukan niƙa sun lotsa a jikin fa saboda daɗewar da aka yi ana niƙa a cikinsu, ga tsingaro ko'ina. Ya kai mu wani kwarmi mai ruwa da ya ce ba ya ƙafewa ko da bazara, ya nuna mana wata 'yar siririyar hanya tsakanin duwatsu biyu wadda mutum ɗaya kaɗai ke iya ratsawa, ya ce mutum uku a nan suna iya tare runduna. Ya ce a nan sama aka haifi kakansa. Duk wurin da ya nuna sai ya faɗi sunansa da harshensa, wani ma ya maimaita sau biyu yana duban mu, kamar mai jiran wani ya fito da biro. Mu ɗaliban harshe ashirin, babu wanda ya rubuta ko guda. Muna can muna neman inda hoto zai fi kyau.

Ni aka ɗora wa rubuta rahoton tafiyar. Na jera sunayenmu kaf, kowa da sunan mahaifinsa, na saka har sunan direba. Game da dattijon kuwa, jimla ɗaya na rubuta: "Wani Bagwari ya yi mana jagora." Matar da ta hau da ruwan da muka sha ba ta shiga rahoton ba sam. Ban ga aibin wannan ba sai bayan watanni, lokacin da na kalli wani fim na masu tattaki a tsaunukan Himalaya na ƙasar Nepal, ya ja hankalina na shiga karance-karance a kan lamarin. A can ne, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, na ci karo da jimlata a bakin wasu.

Bari in ɗan bayyana yadda wannan tattaki yake, don mai karatu ya san girman abin da ake magana. A arewa maso gabashin Nepal akwai yankin da ake kira Khumbu, a gindin tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya, wanda Nepal da Sin suka sanar a shekarar 2020 cewa tsawonsa mita 8,848.86 ne. Ba kowane baƙo ne ke zuwa don hawa ƙololuwar ba. Mafi yawa suna zuwa ne su yi tafiyar ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma mafi wuyar hanyoyin ita ce wadda ke ƙetare mashigai uku tsakanin tsaunuka, wato Kongma La mai mita 5,535, da Cho La mai mita 5,420, da Renjo La mai mita 5,360. Kalmar "la" ɗin nan da ke maimaituwa ma'anarta mashigi a harshen Tibet da danginsa. Tafiya ce ta kusan mako uku. Ana farawa daga Lukla, inda ƙaramin jirgi ke sauke mutane a tsayin mita 2,860 daga teku. To, a nan mai karatu ya tsaya ya auna: Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan inda suke fara tafiyar ya ɗara inda ƙasarmu ta ƙare. Minna kuwa tsayinta daga teku bai wuce 'yan mita ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari uku ba.

Daga Lukla kwana biyu ake yi a isa Namche, babbar kasuwar yankin, mai mita 3,440, kuma a nan ake tsayawa a ƙara kwana ko da mutum yana jin ƙarfi. Dalili kuwa shi ne, iska tana raguwa gwargwadon yadda aka yi sama. A wajen mita 5,500 numfashi ɗaya yana kawo wa mutum kusan rabin iskar oksijin da zai samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi lokaci, shi ya sa likitoci ke cewa idan an haura mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya yi gaggawa sai ciwon kai da amai da rashin barci su kama shi, in ya yi taurin kai ruwa ya taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma babban maganin shi ne a sauko da shi nan take. Abin mamaki, ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan ciwo. Ranar ƙetare mashigi kuma tun kafin asuba ake tashi, saboda idan rana ta ɗaga ƙanƙara na saki, duwatsu su riƙa gangarowa, da yamma kuma iska da hazo su rufe hanya. Duk wannan ilimin, in ka taƙaita shi, bai wuce abin da dattijon nan ya faɗa mana ba, wato ba a yi wa dutse gudu.

Mutanen da ke zaune a waɗannan ƙauyuka, su Namche da Khumjung da Pangboche da Thame, su ne Sherpa. Ƙabila ce mai harshenta, dangin harshen Tibet, masu magana da shi sun haura dubu ɗari. Sunan kansa daga kalmomi biyu ne, "shar" gabas, da "pa" mutane, wato mutanen gabas, domin daga gabashin Tibet kakanninsu suka yi ƙaura kimanin shekara ɗari biyar da suka wuce. Manoma ne, makiyayan wata saniya mai yalwar gashi da ake kira yak, kuma fatake ne da ke ƙetare mashigin Nangpa La su sayo gishiri da ulu daga Tibet, kamar dai yadda ayarin Abzinawa ke sayo gishirin Bilma. Har wata al'ada gare su da za ta ba Bahaushe sha'awa, ta sa wa yaro sunan ranar da aka haife shi. Nima shi ne Ɗanladi ko Ladi, Dawa shi ne Ɗantani, Lhakpa Balarabe ko Laraba, Pasang Ɗanjuma ko Jummai, Pemba kuma Ɗan'asabe. Kafin zuwan Turawa ba su ɗauki hawa ƙololuwar tsauni a matsayin abin yi ba, wasu tsaunukan ma, kamar Khumbila, har yau haramun ne a hau su a wurinsu.

To amma me ya faru da sunan? Tun daga shekarun 1920, da Ingilishi suka fara yunƙurin hawa tsaunin suna ɗaukar waɗannan mutane dako, sai kalmar ta fara sauya ma'ana a bakin baƙi. A Turanci yau idan an ce "sherpa" yawancin mutane ɗan dakon tsauni suke fahimta, ko shi wace ƙabila ce. Har jami'an da ke share fagen taron manyan ƙasashe na G20 haka ake kiran su, akwai rigar sanyi ma mai wannan suna. Abin dariyar shi ne, a yau yawancin masu dakon da ke kan hanyar Namche, masu ɗaukar kwando da maɗauri a goshi, ba Sherpa ba ne, 'yan ƙabilun Rai da Tamang ne daga ƙasa-ƙasa, su Sherpa da yawa sun zama masu masauki da jagorori. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2005 ya nuna mazan da ke dako a wannan hanya suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 93 cikin ɗari na nauyin jikinsu. Baƙo ya dawo gida ya rubuta "sherpa ɗina", ya shafe sunan mutum, ya shafe ƙabilarsa, ya kuma mayar da wata ƙabilar sunan sana'a, duk da kalma guda. Wannan ita ce "wani Bagwari" tawa.

Shi kansa tsaunin bai tsira ba. Mutanen Tibet da Sherpa suna kiran sa Chomolungma, gwamnatin Nepal tana kiran sa Sagarmatha. Amma sunan da duniya ta sani na George Everest ne, tsohon shugaban safiyon Indiya, wanda magajinsa Andrew Waugh ya ba da shawarar a saka, aka tabbatar a 1865. Mutumin da ya yi lissafin da ya nuna cewa wannan tsauni ya fi kowane tsawo, a 1852, Ba'indiye ne mai suna Radhanath Sikdar. Shi Everest ɗin ma sai da ya ƙi, ya kafa hujja da cewa ba a iya rubuta sunansa da Hindi, mutanen ƙasar kuma ba za su iya furta shi ba. Ba a saurare shi ba. Ranar 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka ƙololuwar. Bayansu akwai 'yan dako sama da ɗari uku da suka kawo kayan tawagar daga Kathmandu da ƙafa. An ba Hillary da shugaban tawagar John Hunt sarautar Sir, Tenzing aka ba shi lambar yabo. Shi dai ya yi sa'a, tarihi ya riƙe sunansa, hoton ƙololuwar ma nasa ne, domin Hillary ne ya riƙe kyamarar. Sauran ɗari ukun fa, adadi ne kawai.

Kada wani ya ce ai maganar suna ce kurum, ba ta kashe kowa. Mutumin da ba ka san sunansa ba, ransa ma yana da araha a wurinka. A 1922 mutum bakwai na farko da aka rubuta mutuwarsu a tsaunin 'yan dako ne. Ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zaftaro a kan ma'aikata 'yan Nepal da ke hawa da kayan baƙi ta kashe 16, tayin farko da aka yi wa iyalansu kuwa bai wuce kimanin dala 400 ba, abin da ya sa abokan aikinsu suka ajiye aiki, aka rufe kakar hawan shekarar. In za a yi adalci kuma, Hillary bai zama irina ba. Ya koma Khumbu ya gina makaranta a Khumjung a 1961, da asibiti a Kunde a 1966, ya ci gaba da komawa har ƙarshen rayuwarsa. Su ma Sherpa ba su zauna jiran tausayi ba, Kami Rita Sherpa, ɗan ƙauyen Thame, ya hau ƙololuwar karo na 31 a 2025, babu baƙon da ya kama ƙafarsa.

Yanzu mu dawo gida, don masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu duba abin da Hausa ta yi da sunan maƙwabtanmu. Su suna kiran kansu Gbagyi, wasu Gbari. Hausa ba ta da sautin "gb", sai ta mayar da shi "gw", aka samu Gwari, Bagwari, Bagwariya, Gwarawa. Wannan ba laifi ba ne, kowane harshe haka yake yi wa baƙon sauti. Inda gizo ke saƙar shi ne a ma'ana. Muna cewa Turanci, Larabci, Fulatanci, Nufanci, duk sunayen harsuna ne, ba su ɗauke da wani zagi. Amma gwaranci? Idan jariri ya fara haɗa kalmomin da ba a ganewa sai mu ce yana gwaranci. Idan mutum ya kasa Hausa, ko Bayarabe ne ko Bature, sai mu ce gwaranci yake yi. Idan muna so a yi mana bayani irin na marar saurin fahimta sai mu ce a yi mana gwari-gwari. Ke nan mun ɗauki sunan cikakken harshe, mai nahawunsa da karin sautinsa da adabin bakansa, mun mayar da shi sunan rashin iya magana. Dattijon da muka yi wa dariya yana jin harshensa, yana jin Hausa, na kuma ji shi yana magana da direbanmu da Nufanci. Wanda ya kwaikwaye shi Hausa kaɗai gare shi sai Turancin jarabawa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan. Tun 1863 da Glover ya kafa rundunarsa a Legas, Turawa suka mayar da "Hausa" sunan sojan haya, ko mutum Banufe ne ko Babarbare. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban mazan jiya daga Afirka ta Yamma dako suka yi a dazuzzukan Bama, kaya a ka, yawancinsu ko bindiga ba a ba su ba. Yau a Kudu, kalmarmu mai daraja ta "aboki" ta koma sunan mai gadi da mai wankin takalmi da ɗan acaba, kuma kowa ya san yadda ranmu ke ɓaci idan an kira mu da ita da wannan murya. Sunan rubutunmu na ajami ma daga kalmar da Larabawa ke kiran wanda ba ya iya bayyana magana da Larabci ya fito. Sannan ga darasin da ke cikin manhajarmu. Heinrich Barth ya ratsa ƙasashenmu a shekarun 1850, ya kai har Tambutu, kuma a cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Da a ce J. F. Schön, bayan an kai yaron Ingila a 1855, ya rubuta "wani yaro" ya wuce, da ba mu da labarin Dorugu na bakinsa da ke cikin Magana Hausa na 1885, wanda har gobe masu nazarin tarihin rubutun zube ba sa tsallake shi. Wani ya zauna ya saurari ɗan hidima, ya rubuta abin da ya ce, shi ne muke cin gajiyarsa shekara ɗari da arba'in bayan haka.

Mu da ke Minna ba sai mun je nesa ba. Masu ba da tarihin garin suna cewa sunan daga Gbagyi yake, daga kalmomin da ke nufin watsa wuta, kuma a kan dutsen Paida mutanen farko suka zauna. Zaman kan dutse ba don sha'awar iska ba ne, hare-haren neman bayi na ƙarni na 19, musamman daga wajen Kontagora, ba su bar wa manomi wata mafaka ba sai sama. Da aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, wanda shi ya mayar da Minna gari, mutanen ƙauyukan nan suna cikin waɗanda aka tilasta wa aikin. Yanzu ka bi unguwannin garin ka ji: Tunga, Limawa, Sauka-ka-huta, Tudun Fulani, Unguwar Daji, Ƙetaren Gwari, Dutsen Kura Hausa, Dutsen Kura Gwari. Har unguwar da aka jingina wa masu ƙasar, da Hausa aka raɗa mata suna. Kpakungu ce ta tsira da "kp" ɗinta a rubuce, ita ma a bakin kwandasta ta daɗe da rasa shi. Ba na cewa wani ya ƙulla wannan da mugunta, haka harshen kasuwa yake yi duk inda ya shiga. Ina tambaya ne kawai, shi dutsen nan na kura, me masu shi ke kiran sa kafin mu zo? Ni na taso a garin nan ban taɓa tambaya ba. Muna kashe naira ɗari mai hoton dutsen Zuma, muna kashe naira ashirin mai hoton Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane 'yar Gbagyi da ta rasu a nan Minna a 1984, amma mutum nawa a ajinmu zai iya gaisuwa da harshenta?

Na tattauna wannan batu da abokai, kuma sun kawo hujjojin da ba zan raina ba. Wani ya ce aikin masanin harshe shi ne ya bayyana yadda ake magana, ba ya yi wa mutane doka ba, kuma mai cewa jaririnsa na gwaranci ba ya tuna da wata ƙabila. Gaskiya ne, shi ba ya tunawa, amma mai ƙabilar yana tunawa duk lokacin da ya ji. Bayyana yadda ake magana kuma ya haɗa da bayyana wanda maganar ke yi wa ciwo, don haka idan mun zo rubuta ƙamus ko kundi, wannan bayanin yana cikin ma'anar kalmar. Ni ban nemi a kafa wa kowa doka ba, na dai cire ta daga bakina, kuma Hausa ba ta rasa abin maye gurbi ba, ga gwalan-gwalan ga dalla-dalla ga filla-filla. "Kayan gwari" kuwa, wato su tumatir da tattasai da attarugu, ni a nawa ganin shaida ce ta ƙwazon noma, ban ga abin kunya a cikinta ba, sai dai masu sunan su ce akwai.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce yawancin sunayen wuraren nan na kan dutse suna da alaƙa da tsafi, me zai kai Musulmi rubuta su? Amsata ita ce, rubutawa daban, bautawa daban. Malaman da suka rubuta tarihin Kano ba su goge Barbushe da Tsumburbura ba, kuma ba don su ba da Dala tudun ƙasa ne kawai a wurinmu. Na ukun shi ne wanda ya ce mu Sashen Hausa ne, Gbagyi ba huruminmu ba ne. Wannan ita ce hujjar da ta fi rauni. Ba za ka san Hausar Minna ba sai ka san harsunan da take gogayya da su, me ta ara, me ta ba da, wane sauti ta lanƙwasa. Kowace shekara muna rubuta kundin digiri a kan jigo da salo a littattafan da aka riga aka tatse, alhali ga fili a bayan gida babu mai noma.

Kuma lokaci ba ya jiran mu. Duwatsun da ke kewaye da garuruwanmu ana fasa su da nakiya ana lodin tsakuwa a tifa, duk wanda ya bi ta Mpape a Abuja ya ga yadda dutse ke komawa rami, kuma idan dutse ya tafi sunansa ba ya daɗewa. Tun da aka yanke Babban Birnin Tarayya a 1976 ƙauyukan Gbagyi da dama suka tashi daga mazauninsu. Sannan daga wajen 2020 zuwa 2021 hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi suka kori dubban mutane daga ƙauyukansu zuwa su Kuta da Gwada da cikin Minna. Tsohon da ya san sunan kowane kwarmi da kowace hanya a dutsen garinsu yana iya kasancewa yau a ɗakin haya a Maitumbi, jikokinsa suna amsa masa da Hausa. Wannan yana nufin aikin ma ba lalle sai an hau dutse ba. Ana iya yin sa a kan tabarma, da biro da littafi da wayar ɗaukar murya, muddin za a fara da rubuta sunan mai ba da bayanin, da na ƙauyensa, a rubuta kalmar yadda ya furta ta tare da karin sautinta, a biya shi lokacinsa, a kuma mayar masa da kwafin abin da aka rubuta.

Na koma ƙauyen nan a damina da ta wuce da niyyar in gyara rahotona. Dattijon yana nan da ransa, amma gwiwa ta hana shi hawa. Bai gane ni ba sai da na ce ina cikin yaran da suka yi wa dutse gudu, ya yi dariya har da tari. Na ce, "Baba, na zo ne ka sake faɗa mini sunayen nan." Ya faɗa mini goma sha ɗaya, na ɗauka a waya, ya ce akwai wasu da sai ya tsaya a wurin suke faɗo masa. Surukar tasa tana gona, ita ma na samu sunanta. Matsalata yanzu ita ce kunnena na Bahaushe ne, ba ya rarrabe wasu sautukan, kuma ba na so in rubuta su a karkace. Saboda haka duk ɗalibi ko ɗalibar da ke jin Gbagyi, a wannan sashe ko a wani, ya neme ni ta hannun editan mujalla, mu zauna mu saurari faifan tare kafin a shiga jarabawa.